Me kuke saya a Costco da Sam's Club, me kuma kuke bari a kan kanta?

Mai tambaya, Maryland: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ga waɗanda suke zaune a Amurka, wane kaya ne ya cancanci a saye shi a manyan kantunan sarin nan masu katin mamba, wanne ne kuma asarar kuɗi? Gida ne na mutum biyar, da ƙaramar firiza.

Uwargida, Houston: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da shinkafa, amma ki san wacce. Buhun laba 25 kilo 11 ne da ɗan ɗoriya, na laba 50 kuma bai kai kilo 23 ba, wato ko rabin buhunmu na gida bai cika ba, kada lambar ta ruɗe ki. Basmati ta dafa-duka ce da shinkafa da miya, ba ta yin tuwo, warwatsewa take komai tuƙi. Tuwon shinkafa da waina sai mai matsakaiciyar ƙwaya irin Calrose, ita ce mai danƙo. Jasmine ma tana yi idan an ƙara ruwa aka bar ta ta yi luguf. Jar shinkafar da ba a gama sheƙe dusarta ba kada ki ɗauki babban buhu, akwai mai a jikinta, wata shida ta fara warin tsufa.

Da an shigo da buhu gida a raba shi leda-leda, a sa a firiza kwana huɗu, a fitar a bari ya huce ya bushe sarai, sannan a juye a bokiti mai murfin da iska ba ta shiga. Ƙwayayen ƙwari da buhun suke zuwa, sanyin ne ke kashe su. Haka ake yi wa fulawa da wake. Wanda ya rufe bokiti shinkafar tana gumi, fumfuna zai tarar.

Baban yara, Columbus: Maganar nama ita ce mai muhimmanci. Gasasshiyar kazar nan ta Costco ta dala 4.99 da kowa ke yabo ba yankan Musulunci ba ce, ƙamshinta kawai za ki shaƙa ki wuce. Cinyar ɗan rago da ake kawowa daga Ostireliya ko New Zealand sau da yawa tana ɗauke da tambarin halal, amma a juya ledar a gani da ido kowane zuwa, domin masu kawo kayan suna canzawa. Wasu rassan Costco na 'yan kasuwa, waɗanda ake kira Business Center, suna sayar da rago ko akuya sukutum a daskare, kuma katin da kike da shi ya isa ki shiga. Sai dai a can ba sa yanka miki, ki fara samun mahaucin da ke da injin yanka ƙashi kafin ki ɗauko. Da ƙaramar firiza ban ba ki shawara ba, sai in gida biyu ko uku za ku haɗa kuɗi ku raba, kamar watanda.

Duk naman da aka saya, a kasa shi daidai girkin rana ɗaya, a matse iskar ledar, a shimfiɗa ta fale-fale, a rubuta kwanan wata. Iskar da ta rage ce ke sa nama ya bushe ya yi fari-fari a firiza.

Hajiya, Bronx: Malam ya gama magana kan nama. Ni abin da nake jan kunne a kai shi ne ƙananan kaya. Bitamin na yara mai kama da alawa, da alawar nan mai laushi da ake kira marshmallow, da wasu ƙwayoyin man kifi, da jelatin ake yin su, kuma idan ba a rubuta na kifi ko na saniya ba, yawanci na alade ne. Wasu nau'ikan yogot ma ana sa musu. Ruwan banila na asali kuma a ƙa'idar ƙasar nan aƙalla kashi 35 cikin ɗari barasa ce.

Abin da nake yabo: markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta Kirkland, tambarin kayan Costco, wadda gyaɗa da gishiri ne kawai a ciki. Ita ce ta miyar taushe da miyar gyaɗa. Su Jif da Skippy da sukari, miya za ta yi zaƙi-zaƙi. Ta Kirkland ɗin manta yana tasowa sama, a juya sosai, a ajiye a firij bayan an buɗe. Sai tumatirin gwangwani ƙanana da ke zuwa goma sha biyu a kwali, madarar gari, zuma, da dabinon Medjool na Kalifoniya gab da azumi.

Uwargida, Houston: Hajiya, a ƙara da albasa, buhun laba 10. A zazzage ta daga raga a cire duk mai taushi tun ranar farko, a baza a wuri mai iska, nesa da dankali, don kusantar juna na sa su tsiro su ruɓe. Alayyahun da ke zuwa a roba kuwa kwana kaɗan ya narke. A tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya, a tsame zuwa ruwan sanyi, a matse, a dunƙula, a daskarar.

Ɗan'uwa, Atlanta: Ni ban yarda da sayen babban jarkar mai ba ga gidan mutum biyar. Mai yana lalacewa da haske da zafi da iska, musamman man zaitun. Kwalba biyu matsakaita sun fi, ɗaya a rufe a kabad. Haka kayan ƙamshin girki, babbar robar kori ko citta kafin a kai rabi ƙamshi ya tafi.

Inda ribar take babu gardama shi ne kayan da ba sa ruɓewa: tishun banɗaki mai guda 30, ledar shara, sabulun wanki, batir. Famfas kada a tara sama da kwali ɗaya na lamba ɗaya, jariri zai fi ƙarfinsa. Bilic ma ba a tara shi, ƙarfinsa na raguwa bayan 'yan watanni. Tishu mai danshi kuma, ko an rubuta ana iya kora shi a masai, kwandon shara za a sa, toshe bututu yake.

Baban yara, Columbus: Ki koyi karanta allon farashi. Akwai ƙaramin rubutu da ke nuna kuɗin kowace laba ko kowane guda, da shi ake gwadawa da Aldi ko Walmart, don ba kullum sari ke fin araha ba. A Costco farashin da ya ƙare da .97 an karya shi ne, alamar tauraro a kusurwa kuma na nufin in ya ƙare ba lallai ya dawo ba. Katin Costco tun Satumban 2024 dala 65 ne a shekara, babban kuma 130 mai mayar da kashi 2 cikin ɗari na abin da kika kashe. Sai kina kashe dala 3,250 a shekara, kusan 270 a wata, kafin ƙarin ya biya kansa. Katin bashi kuma Visa kaɗai suke karɓa a cikin kanti.

Hajiya, Bronx: Manja, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da gero kada ki wahalar da ƙafarki, shagon 'yan Afirka za ki. Kuma 'yata, kafin ki sabunta kati ki fara neman firiza ta akwati ko da ƙarama ce, in mai gidan hayarku ya yarda.