Kafin a raɗa wa yarinya suna Amina

A wata hira da aka yi a ƙofar wani gida a Tudun Wada, an tattauna kan masu son sa wa 'ya'yansu Amina, ga kuma abin da dattawa suka ba da shawara.

Wani malami ya ce uba ya fara sanin wadda yake yi wa takwara. Sunan daga Larabci ya zo, tushensa aminci da amana, kuma darajarsa ta farko ita ce Nana Aminatu 'yar Wahabu, mahaifiyar Manzon Allah (SAW). Amma Bazazzagi da ya ji sunan, Sarauniya Amina ce ke faɗo masa a rai, 'yar Bakwa Turunku, wadda ake danganta ganuwar garuruwa da dama da ita. Har ɗakin kwanan ɗalibai mata aka sa wa sunanta a ABU Samaru. Aka ce in yarinya ta tasa a ba ta labarin duka biyun, a haɗa da Amina Mohammed, mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017.

In kuwa sunan kaka ne aka mayar, iyaye mata suka ce a zaɓi sunan alkunya tun ranar suna, Ummi ko Mama, kada suruka ta rasa bakin kiran 'yarta.

Shawarar da ta fi burge ni ta wani tsohon hedimasta ce: a tsaya kan rubutu ɗaya. Amina a takardar haihuwa, Aminat a NIN, Ameena a JAMB, sai an kai ga rantsuwa a kotu kafin a gyara.