Gwal ɗin da uwa ta bari: a raba, a narka, ko a ajiye?

Maman Ilham, Gusau:
Assalamu alaikum. Idan uwa ta rasu ta bar sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu na gwal, duka giram 60, magada namiji ɗaya da mata biyu, ɗaya daga cikin matan kuma ba ta son a sayar domin da su ta san mahaifiyarta, yaya za a yi ba a shiga haƙƙin kowa ba? Sarƙar ta tsinke wajen ƙugiya. Gyara ya fi, ko a narka a yi sabon yayi?

Maƙerin Fari, Talata Mafara:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙanta. Kafin a yi maganar rabo, a san abin da ke hannu. A duba jikin ƙugiya ko cikin awarwaro, akwai lambar karat, wato ma'aunin tsantsar gwal: 916 karat 22 ke nan, 875 karat 21, 750 karat 18. Na Saudiyya da alhazai ke zuwa da shi yawanci 21 ne. Amma lamba kowa na iya bugawa, don haka a goga a dutsen gwaji a ɗiga ruwan asid, ko a sa a na'ura. Maganaɗisu ba hujja ba ne: gwal ba ya kama shi, amma tagulla ma ba ta kama shi. A auna kowane yanki daban a sikelin da ke nuna ɗigon giram, gaban magada duka, a rubuta, a ɗauki hoto. Idan da duwatsu a cire nauyinsu, mai saye ba ya biyan kuɗin dutse.

Narkawa kuwa ban ba da shawara ba. Tsohuwar sarƙa duk gaɓoɓinta liƙi ne, abin liƙin kuma karat ɗinsa bai kai na jikinta ba. In ta shiga wuta dauɗa ta ƙone, nauyi ya ragu, karat ya ɗan sauka, sannan a sake biyan kuɗin aiki. Abin da zai fito gwal ne dai, amma ba sarƙar da aka saba gani a wuyan Inna ba ce. Tsinkewar ƙugiya ƙaramin aiki ne: a sa sabon zoben haɗi, a liƙe da abin liƙi na gwal. Kada a yarda a taɓa ta da dalmar masu gyaran rediyo, tana cin gwal in ya yi zafi, wurin ya zama mai karyewa. A auna kafin a miƙa, a auna bayan an karɓa.

Malam Na Ƙaura:
Akwai kuskuren da ya yaɗu, wai kayan adon uwa na 'ya'ya mata ne. Dukiya ce kamar gona, namiji yana da rabo a ciki. Sai dai in ta ba wata kyauta tana da rai da lafiya, wadda aka ba kuma ta karɓa ta riƙe. Wannan ya fita daga gado. "Ai ta ce in ta mutu nawa ne" wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai sauran sun yarda.

Bayan bashi da wasiyya, in babu miji kuma iyayenta ba su raye, kashi huɗu za a yi: namiji giram 30, mata 15 kowace, muddin karat ɗin ɗaya ne. In miji na raye yana da rubu'i tukuna. Mai son riƙewa ta sayi rabon 'yan uwanta a farashin ranar, ta biya nan take hannu da hannu, domin gwal da kuɗi ba a yin su bashi. In ba ta da ƙarfin giram 45, ta zaɓi yankin da zuciyarta ta fi kwantawa a kai daidai rabonta. Haka kuma ba a ba da tsohon gwal a karɓi sabo a yi ciko; a sayar a karɓi kuɗi, sannan a saya.

Zakka: a mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu. Wanda aka ajiye don tari, ko ya ragargaje har sai an narka, in ya kai nisabi, dinari 20, kimanin giram 85, shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Giram 60 bai kai ba, sai in tana da wani gwal ko kuɗi da za a haɗa.

Hajiya Mai Gwal, Anka:
Bari in ƙara da ajiya, don a nan ake ɓarna. Babban abokin gaban gwal a yankinmu zaiba ce, farin ruwan ƙarfen nan da masu haƙa ke kama gwal da shi a Anka da Bukkuyum. Ɗigo ɗaya ya taɓa zobe sai ya yi fari ya soma gautsi. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da ita. In hakan ta faru kada a ƙona a gida, hayaƙinta guba ne, a kai wa maƙeri. Sai Hypo da Jik, su kuma wuraren liƙi suke ci; a tuɓe zobe kafin wanki.

Wankewa: ruwan ɗumi, ɗan sabulun ruwa, a jiƙa minti 10, a goge da buroshin yara mai laushi, a tsane da ƙyalle. Ban da toka, ban da man goge baki, suna kankare shi. Kowane yanki da ƙunshinsa, sarƙa a rufe ƙugiyarta don kada ta cukurkuɗe. Kuma a riƙa sawa, ko da sallah da biki ne. Ƙugiyar da ta fara saki sai an sa a wuya ake gane ta.

Maman Ilham, Gusau:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, in namijin ya ce ya yafe nasa fa?

Malam Na Ƙaura:
Ya halatta in baligi ne mai hankali kuma ba kunya aka sa shi ba. A fara gaya masa giram nawa ne nasa da kuɗinsu, ya faɗi wadda ya bar wa, a rubuta gaban shaidu biyu.