Musayar Waƙa: Ogun Ya Hau Kara

Ɗan Kara (Litinin, 9:14 na dare)
Salamu alaikum. An sake buɗe dam ɗin Oyan, kogin Ogun ya cika, mu 'yan kasuwar shanu ta Kara da ke bakin Legas mu ne a bakin wuƙa. Amsa-amo "wa", mai ji da kansa ya ɗauka.

An buɗe Oyan daga can Abekuta,
Ogun ya zo Kara ba sallamawa.
Na koro shanu na hau bakin titi,
Bajimi na tsaye sanyi na kaɗawa.
Isheri ta nutse Agiliti ta bi ta,
Kwalekwale ya gaji da ɗaukar kowa.

Mai Gwari Mile 12
Ɗan Kara kuka kake kan ruwan Oyan?
Kai ka kafa turke a hanyar wucewa.
Kogi da gidansa ka je ka tare,
Ya dawo gida ka ce ya yi tsiwa.
Kashin shanunka duk Ogun ke kwashewa,
Har Majidun warinsa na kaiwa.

Hajiya ta Agege
Kai! Allah ya ja da ran Mai Gwari. "Ya dawo gida ka ce ya yi tsiwa." Alhaji Ɗan Kara, nemi tabarma ka zauna.

Ɗan Kara
Hajiya, dama ke 'yar Kano ce, ai ba za ki ga laifin naki ba.

Mai Gwari rufa baki ka ƙyale Ogun,
Ruɓaɓɓen tumatir wa ke zubarwa?
Kwando-kwando cikin kwalbatin Ketu,
Ruwa ya zo ya rasa wurin ratsawa.
Ai tun Janairun 2024 gwamnatin Legas ta hana robar kumfa ta zuba abinci,
Amma a rumfarka tana da yawa.

Malam Idi-Araba
Tsaya, Alhaji. Ɗango na biyar wannan waƙa ce ko sanarwar rediyo? Gadar Third Mainland ma a kilomita 11.8 ta tsaya, naka ɗangon bai tsaya ba. Kai ma Mai Gwari ba ka tsira ba: ka sa "kwashewa" a ɗangon farko na baitinka na ƙarshe, ka cinye amsa-amo tun kafin lokacinsa.

Mai Gwari Mile 12
Malam, kunne ke auna waƙa, ba awon tela ba.

Malam Idi-Araba
Kunnen da ya saba da hon ɗin tirela a Mile 12? Kari gaɓa ne, doguwa da gajera. Ku rera ku ji inda ƙafar ta karye.

Hajiya ta Agege
Ruwa na cin ɗakunan mutane, Malam na ƙirga gaɓa. To bisimilla, sako naka mu gani.

Malam Idi-Araba
Ina tafe, bari in idar da shafa'i da wuturi.

Ɗan Garuwa Obalende (Talata, 5:50 na asuba)
Yayyena ku yi haƙuri, sai yanzu na sami caji.

Kuna ta faɗa don ruwa ya yi yawa,
Ni kurar ruwa nake ta turawa.
Gari bisa ruwa famfonsa a bushe,
Rijiyar Lekki zartsi take bayarwa.
Iju na tace ruwa tun 1915,
Har yau layinmu bai ga ɗigowa.
Adiyan ma Ogun ɗin nan take ɗiba,
Wanda ya kori shanu shi ake shanyewa.

Hajiya ta Agege
Yaron nan ya fi ku duka. Shi ma ya sa shekara a ɗango, Malam, ya zauna ko bai zauna ba?

Mai Gwari Mile 12
Ƙanena ka yi kyau, amma ban gama da Basakkwace ba.

Dam ɗin da kake zagi wa ya buɗe shi?
Shagari naku ne, je ka tambayo kowa.
A 1983 ya yanka ƙyallensa,
Ruwan gida ne ya biyo ka da gaisuwa.
Mu Tiga ke shayar da gonar Kadawa,
Gwarin da kake ci can yake tsirowa.

Ɗan Kara
Bakano na zancen ruwa ba kunya,
Jakara na nan hanci take toshewa.
Mu Rima gare mu, Goronyo na tare ta,
Kai kwatami ka gada kake yin yabawa.

Hajiya ta Agege
A'a, Alhaji, kar ka taɓa Jakara! An ma rufe wani ɓangarenta da titi. Kuma "yin yabawa" ɗin nan cikon layi ne, ko ni na gane.

Malam Idi-Araba
Alhamdu lillahi, Hajiya ta fara karatu. Na Ɗan Garuwa ya ɗan zauna, in ka karanta lambar da sauri.

Ɗan Garuwa Obalende
Malam, har yanzu wuturin ne?

Ɗan Kara (Talata, 7:32 na safe)
A ajiye waƙa tukuna. Ruwa ya kai gwiwa a rumfar dusa. Mai Gwari, mai kwalekwalen nan na Agiliti da ya kwashe maka albasa bara, turo min lambarsa.

Mai Gwari Mile 12
Na turo. Amma baitin Jakara bashi ne, zan biya bayan Azahar.