Tsohuwar 911 ɗina tana shan iska kullum da safe, a taimaka da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Mercedes 911 da nake ɗaukar hatsi da ita daga Dawanau zuwa cikin gari. Sati uku ke nan, in ta kwana ba ta tashi sai yaron mota ya buga famfon hannu har hannunsa ya sage. In ta tashi sai ta yi ta karkarwa da farin hayaƙi, can ta daidaita. Shekaranjiya kuma ta mace min da kaya a wajen Kurna. Wani gareji sun canza min filta, ba ta sauya zani ba, yanzu sun ce injekta ce, wato babban famfon da ke tura mai cikin injin, a kwance a kai ta gyara. Ni abin da ya ɗaure min kai, ko ɗigon gas babu a ƙasa inda take kwana. To ta ina iska ke shiga layin mai?

Wani direban tifa: Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka bari a taɓa injektar nan tukuna. Injektar da ta lalace ba ta warkewa don an buga famfon hannu.

Tsohon bakanike, Kofar Ruwa: Ɗana, rashin ɗigon nan shi ne ya gaya maka inda ciwon yake. Daga tanki zuwa ƙaramin famfon da ke manne a jikin injekta, zuƙo man ake yi, ba tura shi ake ba. Ramin da bai kai bakin allura ba a wannan layin, mai ba zai fito ta nan ba, amma iska za ta shiga. In mota ta kwana, man ya sulale ya koma tanki, da safe ka tarar da layi wayam.

Ga abin da za ka yi kafin ka kashe ko sisi. Zuba gas mai tsabta a jarka, ka cire tiyon da ya taho daga tanki, ka sa farin tiyo wanda ake ganin cikinsa daga jarkar zuwa famfon. Fitar da iska, ka tada ta, ka bar ta ta kwana a haka. In ta tashi da safe bugu ɗaya, laifin yana baya, tsakanin tanki da famfo. In ba ta tashi ba, yana gaba. A gaban, wurare uku na fi kamawa a irin wannan injin: robar ɗan kofin gilashin da ke ƙasan famfon, woshar jan ƙarfe ta notunan nan masu rami a ciki, sai shi kansa famfon hannun. Na dauri mai murɗawa, in ya tsufa, ta wuyansa yake shan iska, musamman in yaro ya gama bugawa bai murɗe shi ya ɗaure ba. Wosha kuma yaran yanzu mayar da tsohuwa suke yi su ɗaure da ƙarfin tsiya. Ta riga ta taurare. Ko dai a sa sabuwa, ko a gasa ta sai ta yi ja, ta huce, sannan a mayar.

Wani ɗan uwa: Ko gas ɗin 'yan bumburutu kake sha? Duba kofin gilashin, ruwa a ƙasa yake kwanciya.

Mai tambaya: A'a, gidan mai nake sha. Baba na gode, Allah ya ƙara girma. To macewar da ta yi a hanya fa? Ai lokacin ba kwana ta yi ba.

Direban tifa: Nawa ne man a tanki ranar? Tawa ta taɓa yi min haka, ashe fayif ɗin cikin tanki ne ya tsage a tsakiya. In tanki ya cika mai ya rufe tsagar, lafiya lau. Ya sauka ƙasa da rabi, sai iska. Ka kuma buɗe murfin tanki bayan tafiya, in ka ji ya yi tsuuu, hancin murfin ne ya toshe.

Tsohon bakanike: Gaskiyarsa. Sannan wajen fitar da iska a bi ta daki-daki: notin kan filta tukuna, a buga har kumfa ta ƙare, sai na jikin injekta. In ta ƙi, a sassauta notin fayif biyu ko uku a kan nozul, a yi ki. Kada kowa ya kai hannu wurin, man nan yana huda fata. Kuma kada a danne ki fiye da daƙiƙa 15, a bar sitata ta huce. Masu fesa fetur a bakin iska kuwa, ka kore su daga jikin motarka.

Mai tambaya: Na dawo da labari. Mun yi gwajin jarka, ta kwana, da asuba bugu ɗaya ta tashi. Muka bi layi baya, sai ga tiyo ya goge a jikin shasi, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ya jiƙe kaɗan ƙura ta rufe shi. Mun canza shi da wosha huɗu. Fayif ɗin tanki ban ciro ba tukuna, sai Juma'a in na sauke kaya, don ranar Kurna man bai kai rabi ba.