Ɗaukar hoton titi a Kyoto da iyali a gefe: waɗanda suka je su ba mu labari

Abban Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya kai mu ƙarshen Nuwamba ina da taron aiki a Osaka ta ƙasar Japan, na kuma ce bari in tafi da uwargida da yara biyu, babbar shekararta bakwai, ƙaninta bai cika biyu ba. Za mu tsallaka Kyoto mu yi kwana huɗu. Waɗanda suka san ni sun san cutata, yawo da kyamara ina ɗaukar mutane suna harkar gabansu. To a Kasuwar Barci na san wanda zan zolaya ya saki fuska, na san wanda zan kauce wa. Can fa? Wanda ya taɓa yi da iyali ya faɗa min yadda ta kaya. Abin da ya same ku nake so, ba abin da kuka karanta ba.

Mai Nikon:
Wa alaikumus salam. Malam, rabonka yana bayan Asuba. Japan ta riga mu da awa takwas, don haka yaranmu ba sa runtsawa sai dare ya raba, ba sa tashi sai hantsi. Ni ina sallame sallah nake ficewa, in dawo da burodi kafin su motsa. Da ƙarfe shida da rabi gangaren Ninenzaka da Sannenzaka kamar an share, ga hasumiyar Yasaka a tsaye, ga tsohuwa tana sharar ƙofar gida, ga mai kai kaya a kan keke. Ka koma wurin da ƙarfe goma sha ɗaya, ƙeyar 'yan yawon buɗe ido kawai za ka ɗauka, balle lokacin da za ka je ganye ya yi ja, kowa ya sauka garin. Kuma rana na faɗuwa kafin biyar.

Maman Hanif:
Abban Walida, bari in yi magana da bakin uwargidanka tunda ba ta nan. Maigidana irinka ne. Ranar da muka shiga kasuwar Nishiki, wadda lungu ne guda mai rufi, kusan mita 400, shaguna fiye da ɗari, ya hango wani tsoho yana wasa wuƙa, shi ke nan ya ɓace. Ya bar ni da keken yaro a tsakiyar turmutsitsi, ba gaba ba baya, ba na jin yaren kowa, ga Hanif yana tsala ihu. Minti ashirin! Da ya dawo yana murna zai nuna min hoto, ko kallon kyamarar ban yi ba.

Washegari na bar keken a masauki na ɗauko zanena na goya yaro. Duk matakalar dutsen nan da ta wahalar da mu jiya ta zama ba komai. Wata tsohuwa ta tsayar da ni tana dariya tana nuna bayana tana cewa "ombu, ombu". Ashe haka suke kiran goyo, su ma iyayensu sun yi.

Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai. Muna jiran bas, sai na ga wani baƙo irinmu, ba ma ɗan ƙasar ba, ya saito ni da zungureriyar kyamara saboda hijabi da atamfa da goyo. Ko sallama babu. Ji na yi kamar an tuɓe min mayafi. Na juya na kalli maigida na ce, to ka gani, haka waɗanda kake ɗauka suke ji. Bai ce uffan ba har muka sauka.

Ɗalibi a Osaka:
Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Yaya, shekarata uku a nan, ga abin da na gani da idona. A unguwar Giyon, inda geiko, wato mata masu nishaɗantar da baƙi da rawa da waƙar gargajiya, da 'yan koyonsu maiko suke, tun 2019 aka kafa alluna cewa an hana hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, tara yen 10,000. A 2024 suka ƙara da hana baƙi shiga wasu lungunan ma gaba ɗaya. Babban titin Hanamikoji na kowa ne, kana iya ɗaukar gine-gine. Abin da ya jawo haka, mutane ne ke bin yaran nan da gudu, suna tare musu hanya, har da jan kimono, wato rigarsu ta gargajiya. Yawancinsu 'yan mata ne ƙanana, aiki za su, ba wasa suka fito yi ba.

Mutanen nan ba sa wasa da fuskarsu. Wayar da aka saya a nan ba ka iya kashe ƙarar kyamararta. Abokan karatuna ko hoton kansu za su ɗora a Instagram, sai sun rufe fuskar duk wanda ya gifta a baya. Yaran makaranta kuwa, masu hula rawaya da jakar baya, kyau kamar me, amma ka riƙe hannunka. Na taɓa ɗaga waya, wata malama ta gicciye hannuwanta a ƙirji. Wannan alamar ita ce a'a. In za ka tambaya ka ce "sumimasen, shashin ii desu ka?", wato "yi haƙuri, zan iya ɗaukar hoto?"

Kawun Zariya:
Ƙanena ka yi gaskiya, amma fa da zarar ka tambaya hoto ya mutu. Mutum zai miƙe tsaye ya ɗaga maka yatsu biyu yana murmushi, ka koma mai hoton biki. Ni da na ga haka sai na daina farautar fuska. Na koma hannun mai soya kifi, inuwar masu keke a bango, bayan mutane ƙarƙashin lemar roba mai garau da suke saye a kanti in ruwa ya sauko. Da daddare a lungun Pontocho, fitilun takarda da jiƙaƙƙen dutse sun ishe ka. Kuma ka bar ƙatuwar kyamara a gida. Daido Moriyama, babban mai hoton titinsu, da 'yar ƙaramar aljihu ya yi suna. Hannu ɗaya kyamara, ɗaya hannun yarinya, abin da ya fi min kenan.

Ummu Sadik:
Ku kai yara bakin kogin Kamo, wajen Demachiyanagi inda rassa biyu suka haɗu. Akwai duwatsun tsallake masu siffar kunkuru. Yara na tsalle, uwa ta huta, uba ya yi ta ɗaukar masu keke da masu busa sarewa ba mai damuwa. Amma ku kula da shirwa. Wallahi irin tamu ce sak, har halin. Sadik yana riƙe da burodi ta sauko ta baya ta fauce. Babansa yana tsaye da kyamara a wuya, ya saki baki, bai ɗauka ba. Har yau yana jin haushin wannan.

Abban Walida:
Allah ya saka da alheri. Kawu, na ji, ƙatuwar kyamarar za ta zauna a gida. Maman Hanif, na karanta wa uwargida naki, ta ce a gaishe ki, zannuwa biyu ta ware, kuma wai minti biyar ta ba ni a Nishiki, da agogo. Ɗalibi, in ce daga Osaka jirgin ƙasa rabin awa ne? Ina so in san ko zan iya komawa da asuba ni kaɗai ranar da aka tashi taro.