Shirin gasar karnukan kiwo: abin da tsofaffin hannu suka ce

Tun gasar da aka yi a Bala ta yankin Wales a 1873 makiyayan Birtaniya ke gwada karnukansu a fili, yawanci irin Border Collie. Da aka tattauna yadda sabon shiga zai shirya, bakin tsofaffin hannu ya zo ɗaya kan fitar farko: kare ya yi zagaye mai faɗi, ya ɓullo ta bayan tumaki ba tare da ya firgita su ba. Maki 20 kacal ke nan, amma in tumaki biyar ɗin da ake ba kare ya koro suka razana tun farko, sauran aikin sai gyaran Allah.

Sun ce a daina horar da kare kan tumakin gida da suka saba da shi, a riƙa kai shi baƙon fili. A kuma koya masa jin fito, domin murya ba ta kai yadi 400 in iska ta taso.

Wajen shigar da tumaki ɗan shinge aka ɗan saɓa. Wasu na tsoron ƙarewar minti 15 da ake ba kowane kare ya gama aikinsa. Ni dai na fi yarda da masu cewa a tsaya cak, a bar tumakin su leƙa ƙofar da kansu.