Neman Sunan Hausa Ga Abin Da Makanikai Ke Kira "Fan Kuloci"

A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina kan kai maki 40 a ma'auni, tsohuwar Land Cruiser ɗina ta tsiro da wani hali. Muddin ina gudu a hanyar Daura allurar zafi tana nan daram a tsakiya, amma da zarar na shigo gari na tsaya a cunkoson Ƙofar Ƙaura sai ta fara hawa. Bakanikena ya kashe injin yana da zafinsa, ya sa yatsa ɗaya ya kaɗa fanka, sai ta yi ta juyawa babu turjiya ko kaɗan. Ya shafo gefenta ya nuna mini maiƙon da ƙura ta manne wa, ya ce, "Alhaji, fan kulocinka ya mutu." Na amsa masa cewa motata atomatik ce, a ina za ta sami kuloci? Wannan ruɗanin ne ya sa nake neman mu sama wa abin nan sunan da zai faɗi aikinsa.

Ga yadda yake aiki. Yana zaune ne tsakanin fanka da famfon ruwan injin, wanda fanbel ke juyawa. A cikinsa akwai wani mai na silikon mai kauri, a fuskarsa kuma akwai sifirin a naɗe, wanda aka yi da ƙarafa iri biyu da zafi ba ya buɗa su daidai da juna. Idan iskar da ta ratso lagireto ta yi zafi, sifirin ɗin sai ya murɗa ya buɗe bawul, man ya kwarara tsakanin farantai biyu, ya sa na ciki ya ja na waje, fanka ta ɗauki gudu. Idan iskar ta huce man ya koma ma'ajiyarsa, fanka ta lafa. Nawa man ne ya tsiyaye, shi ya sa ba ya iya jan fankar a tsaye, inda babu iskar hanya da za ta taimaka. Canza shi bai ɗauki lokaci ba: aka sassauta noti huɗu, aka cire murfin da ke kewaye da fanka, aka zaro su tare a hankali don kada a fasa lagireto, aka mayar da fukafukan a kan sabo.

Da na kawo maganar a majalisarmu, wani malamin Hausa ya ba da shawarar "linzamin fanka", kuma na so kalmar ƙwarai, domin duk wanda ya tashi yana kallon hawan sallah a Ƙofar Soro ya san yadda mahayi ke ja yana saki. Sai dai ma'anar ta juya. Idan aka ja linzami doki tsayawa yake yi, alhali wannan ƙarfen idan ya kama, a lokacin ne fanka ke ƙara gudu. Wanda ya ji an ce linzami ya lalace zai zaci fankar ta ƙi tsayuwa, bayan kuwa yawanci ƙin gudu take yi. Wani ya ce "mariƙin fanka", amma mariƙi abu ne da ke riƙe kullum, kuma wannan tunanin ne ma ke sa wasu makanikai su ɗaure fanka dairet, ta yi ta ruri tun daga asuba har cikin sanyin hunturu, tana ƙara shan mai tana gajiyar da fanbel.

Abin da na tsaya a kai shi ne "kama-sakin fanka". Ginin kalmar namu ne, irin na faɗi-tashi da kai-komo, inda aikatau biyu masu karo da juna suke haɗuwa su zama suna ɗaya. Ta kuma raba matsalolin biyu da bakanike ke gani ba tare da dogon bayani ba: ko dai ya daina kamawa, injin ya yi zafi a tsaye, ko ya daina saki, fanka ta dame ka da ƙara. Na yarda akwai abin da za a ce, domin ba ya kamawa ƙam kuma ba ya saki gaba ɗaya, kullum akwai ɗan santsi a tsakani, amma ban ga hakan ya rushe sunan ba.

Na gwada kalmar a kan bakaniken nawa ranar da na koma ya duba notocin. Ya maimaita ta sau biyu, sannan ya kira yaronsa ya ce, "Ɗauko wa Alhaji tsohon kama-sakinsa ya tafi da shi." Yaron bai tambayi komai ba, ya nufi inda aka ajiye shi. Masu sayar da kayan gyaran mota da direbobin da ke cikinmu, ina son jin ko za ta zauna a bakinku, ko kuma akwai wata da kuka riga kuka saba da ita a Daura da kewaye.